Daga Fas Zuwa Bakin Teku: Ziyarar Maroko da Sitiyari a Hannunka

 

Yau tafiya za mu yi. Irin tafiyar nan da magidanci zai ɗauki hutu, ya sauka wata ƙasa da iyalinsa ko abokansa, ya karɓi motar haya ya riƙe sitiyari da kansa, ya ziyarci magabata, ya ga tsofaffin birane, ya ƙarasa bakin teku ya huta. Ƙasar da za mu bi kuwa ita ce Maroko.

Mutanenmu ba baƙin Maroko ba ne. Shekara da shekaru 'yan'uwa Tijjanawa daga Kano da Zariya da Damagaram da Kumasi suna zuwa ziyara Fas. Galibi a ayari ake tafiya: a ɗauke ku a bas, a kai ku zawiya, a kai ku kasuwa, a mayar da ku filin jirgi. Ga dattijo, ko wanda bai taɓa fita waje ba, wannan ita ce hanyar da ta fi kwanciyar hankali, kuma ba na raina ta. Amma mai ƙarfi a jika wanda ya iya tuƙi yana da abin da ɗan ayari ba shi da shi, wato ikon tsayawa. Inda zuciyarsa ta kwanta, sai ya kashe mota ya ƙara kwana. Abin da ke damuna shi ne, da yawa in suka sami mota a hannu sai su mai da tafiyar tsere, su jera garuruwa goma cikin mako guda, su dawo da gajiya da hotuna cike da waya, ba su zauna da kowane wuri ba. Duk abin da zan faɗa yau, a saurare shi da wannan a rai.

Zagayen da nake ba da shawara ya kai kusan kilomita 1,500. Daga Kasablanka a yi arewa zuwa Rabat, a yi gabas zuwa Miknas da Fas, a gangaro kudu zuwa Marakish, a fita yamma zuwa Sawira a bakin Tekun Atilantika, sannan a biyo gaɓa a dawo inda aka fara. Wanda ba shi da mako biyu ya yanke rabi, ya bar saura sai wani jiƙon. A duba lokaci kuma. A Yuli da Agusta zafin Fas da Marakish kan haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuwa sanyinsu ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi daɗin hanya.

Mai fasfon Nijeriya sai da biza, a fara nema da wuri. A tafi da lasisin tuƙi na gida wanda wa'adinsa bai ƙare ba, a haɗa da na ƙasa da ƙasa. Kamfanonin hayar mota suna nan a filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar, kuma za su riƙe kuɗin ajiya a katin banki, don haka a tabbatar katin zai yi aiki a waje. Kafin ka sa hannu, Malam, zagaya motar da wayarka, ka ɗauki kowane ƙwarzane da lotsawa a gaban ma'aikacin. Buɗe but ka ga safaya da jak. Tambayi me inshorar ta ɗauka, me ta bar maka. Tambayi fetur take sha ko dizal, don motocin dizal suna da yawa a can, wanda kuwa ya ɗura wa inji abin da ba nasa ba, hutunsa a gareji zai ƙare. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya nema tun yana gida.

Hannun dama ake bi, kamar Nijeriya da Nijar da Gana, wannan kam ba sabon karatu ba ne. A babbar hanya mai shingen biyan kuɗi, iyakar gudu kilomita 120 ce a awa. Tsakanin garuruwa 100, cikin gari 60 ko ƙasa da haka. Jandarmomi suna tsayawa da na'urar auna gudu, musamman a mashigar gari, inda allo ke sauko da lamba farat ɗaya. In ka iso shinge, tsaya har sai an yi maka hannu. In an ci ka tara, biya ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa jami'i na goro. Kowa ya ɗaura bel, direba ya ajiye waya. A rubuta lambobin nan uku: 19 ta 'yan sanda a cikin gari, 177 ta jandarmomi a wajen gari, 15 ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana.

(Ɗan taƙaitaccen kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ranar da ka sauka, kada ka kutsa tsakiyar Kasablanka. Cunkosonta da jiragen ƙasa na cikin gari ba na mai gajiyar jirgi ba ne. Bar ta sai a dawowa. Rabat na nan kimanin kilomita 90, garin gwamnati mai natsuwa, can ya fi kyau hannu ya saba da motar. Ka je ka ga Hasumiyar Hassan. Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ginin masallacinta da niyyar ya zama cikin mafi girma a duniyar Musulmi, ya rasu a 1199, aiki ya tsaya. Hasumiyar ta tsaya a mita 44, ginshiƙai kuma suna nan a jere ba rufi. Kwana ɗaya ya ishi Rabat.

Daga nan sai gabas. Mutane da yawa kan zarce Fas kai tsaye, ni kuwa ina roƙon a sauka a Miknas, don kimanin kilomita 30 arewa da ita akwai wani ɗan gari fari fat a jikin dutsen Zarhun, inda tarihin sarautar Musulunci a Maroko ya faro. Nan kabarin Maulaya Idris yake, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan ɗan Sayyidina Ali. A 786 Abbasiyawa suka karya 'yan gidansu a yaƙin Fakh kusa da Makka. Idris ya tsira, ya ratsa Masar da arewacin Afirka har ya iso nan a 788, ƙabilar Auraba ta yi masa mubaya'a, ya rasu a 791. Matarsa na da juna biyu lokacin, ɗan da ta haifa shi ne Idris na Biyu, wanda ya raya Fas ta zama birni. Wanda ya tsaya a Zarhun kafin ya shiga Fas zai shige ta da sanin daga ina ta fito. Hanyoyin garin matakala ne da hawa, a bar mota a ƙasa.

Ƙasa kaɗan da dutsen, tafiyar 'yan mintoci, ga kufan Walili, birnin da Rumawa suka mallaka tun kafin zuwan Musulunci. Daɓen gidajen masu kuɗinsu, da aka yi wa zane da ƙananan duwatsu masu launi, yana nan a fili, haka ma wuraren matsar man zaitun. Babu inuwa, a je da sassafe da ruwa a hannu. Ita kanta Miknas ta Maulaya Isma'il ce, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya gina ganuwa da rumbuna da bargar dawakai masu ban mamaki, aka gama Ƙofar Mansur a 1732 bayan rasuwarsa. Ƙarfinsa ya dogara ne a kan rundunar baƙaƙen fata da ake kira Abidul Bukhari, waɗanda aka tara da yawansu da ƙarfin tsiya, har wasu malaman Fas suka ce masa wannan bai halatta ba, ɗaya daga cikinsu, Abdussalam Jassus, ya rasa ransa a kan haka. Ka kalli ganuwar, ka tuna da waɗanda suka tsare ta.

To, Fas. Abu na farko da direba zai sani, mota ba ta shiga tsohon birnin. Lunguna ne dubbai, wasu mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya raɓe, kaya kuwa a bayan jaki da alfadari da amalanke suke tafiya. Za ka ajiye mota a ɗaya daga cikin filayen da ke bakin ƙofofi, kamar wajen Bab Bujulud ko Rasif, akwai masu gadi da ake ba wa 'yan dirhami. Tun kafin ka iso, tambayi masaukinka wace ƙofa ta fi kusa da su, su turo mai amalanke. In kana tare da mahaifiya ko mahaifi mai ciwon gwiwa, wannan tambayar ta fi ta kuɗin ɗaki muhimmanci, domin birnin a kwari yake: shiga gangara, fita hawa. Za a taso maka da tayin rakiya. Ɗan rakiya na hukuma yana da kati a rataye, shi za ka ɗauka, ku yi ciniki tun kafin ku ɗaga ƙafa.

A unguwar Bilida zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take. An haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya, ya zauna Fas daga 1798 a zamanin Sarki Maulaya Sulaiman, ya rasu a 1815, aka binne shi a cikin zawiyar. Ranar Juma'a bayan La'asar wurin kan cika da masu zikiri, za ka ji Wolof da Fulatanci da Bambaranci da Hausa a sahu ɗaya. Na san masu sauraronmu ba ra'ayinsu ɗaya ba a kan ziyarar kaburburan waliyyai, kuma wannan fili ba na raba wannan gardama ba ne. Amma akwai ladabin da ban ga wanda zai ƙi shi ba: ka shiga da alwala da sutura, ka sassauta murya, ka yi sallama, ka yi wa mamaci addu'a, buƙatarka ka kai ta ga Allah. Kada ka ture dattijo don ka matsa gaba. Kada ka ɗora kyamara a fuskar mai kuka. Wayar nan dai, Alhaji, Hajiya, a sa ta aljihu na rabin awa. Hoton da za a tura wa 'yan gida zai jira.

Wanda ba ɗan ɗariƙa ba ma, Fas tasa ce. Masallacin Ƙarawiyyin, da Nana Fatima al-Fihriyya ta gina da gadonta a 859, ya fi shekara dubu yana yaye malamai. Ɗan Ajurrum, mai littafin nahawun nan da kowane ɗalibin zaure ya fara da shi, ɗan Fas ne, nan ya rasu a 1323. Ibnu Ashir, mai Murshidul Mu'in, shi ma a nan ya rayu. Ka tsaya sallar Magariba a kowane masallacin unguwa, kada ka yi saurin fita. Bayan sallama masallata za su zauna da'ira su karanta izu ɗaya da murya ɗaya, haka kuma bayan Asuba, su sauke Alƙur'ani cikin wata. Da ruwayar Warshu suke karatu. Ka leƙa mus'hafinsu, za ka ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda malamin allo ya rubuta maka. Mazhabarsu Malikiyya. Wannan zaman na bayan Magariba ba ya cikin jadawalin kowane kamfanin yawon buɗe ido, sai wanda lokacinsa ke hannunsa.

Ka leƙa majemar Shawwara, inda har yau ake jima a ramuka da hannu da ƙafa. Bakano da Basakkwace suna da haƙƙin tsayawa su daɗe a nan, domin jar fatar akuyar ƙasarmu da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, a Turai da sunan fatar Maroko aka san ta. A wannan birni kuma Hasan al-Wazzan ya tashi, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Fas ba ta ganuwa a kwana ɗaya. Ba ta uku, in da hali huɗu.

(Ɗan taƙaitaccen kiɗa)

Ranar barin Fas zuwa Marakish ita ce rana mafi nauyi ga direba. Ta babbar hanya, a koma ta Rabat da Kasablanka, abin ya haura kilomita 500. Akwai ta cikin duwatsu, ta Ifran da Azru da Bani Mallal, mai dazukan itatuwa da birai, ta fi kyan gani amma ta fi kwana-kwana da cin lokaci, da sanyi kuma ƙanƙara kan sauka a wajen Ifran. Mai son ta ya raba ta kwana biyu. Ko wacce ka bi, tashi bayan Asuba, tsaya duk bayan awa biyu, kada dare ya same ka a hanyar ƙauye, inda amalanken jaki da mai keke ke tafe ba fitila. Wuraren hutawa na babbar hanya suna da gidan mai da abinci da wurin salla. A Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana yi mata ƙasaru, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari zai cika sallarsa. A zauna da malami a daidaita wannan tun kafin a bar gida.

Marakish mutane sun san ta da dandalin Jami'ul Fana da hasumiyar Kutubiyya. A gani, a wuce. Abin da ya kamata ya kai Bahaushe can ya fi haka. Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da fadojinmu da azumi, mai ita Alƙali Iyal yana kwance a nan kusa da Bab Ailan, ya rasu a 1149. Dala'ilul Khairati da kakanninmu suka riƙa ɗauka a gafaka, mai shi Shehu Jazuli ya rasu a 1465, daga baya sarakunan Sa'adiyawa suka maido da shi Marakish. Imam Suhaili, mai sharhin tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wajen Bab Rubb. Su uku suna cikin bayin Allah bakwai da mutanen garin ke ziyarta bi da bi, a al'adance daga Talata zuwa Litinin, kowace rana ɗaya. Dubi yadda suka ba abin mako guda cur. Kai ma in ba ka da mako, zaɓi biyu ko uku ka je musu a natse. A ƙafa ko a tasi za ka yi wannan, don 'yan babur na cikin ganuwar Marakish sun isa su rikita baƙon direba.

Akwai wani baƙo da garin ya taɓa riƙewa ba da son ransa ba. Bayan rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta karya daular Songhai a 1591, an kamo Shehu Ahmad Baba na Timbuktu aka kawo shi Marakish a 1594. Da aka sassauta masa ya zauna yana karantarwa, manyan malaman garin suna ɗaukar karatu a gabansa, bai koma gida ba sai 1608. Shi ne daga baya ya rubuta fatawar da ta ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno da Gobir a matsayin Musulmi 'yantattu da bai halatta a bautar da su ba. Sai da aka bautar da wasu kafin a nemi irin wannan fatawa, kuma jikokinsu za ka tarar a zangonmu na gaba.

Daga Marakish zuwa Sawira tafiyar kamar awa uku ce. A hanya akwai itatuwan argan, wani lokaci da awaki a kan rassa. Motar gabanka na iya taka birki ba sigina don kallo, ka ba da tazara. Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya gina Sawira a shekarun 1760 don ta zama tashar jiragen ruwan ƙasar, ayarin raƙuma daga Timbuktu nan suka riƙa sauke kaya. Garin cibiya ce ta Gnawa, zuriyar mutanen da aka kawo daga kudancin Sahara, waɗanda waƙoƙinsu ke ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Tun 1998 ake yi musu babban biki a garin. In ka ji ƙarar ƙarafan hannunsu, wanda ya san sambani ba zai buƙaci bayani ba.

Yanzu ga teku, kuma a nan nake so iyaye su ƙara kasa kunne. Yawancinmu 'yan tudu ne. Wanda ya iya iyo a cikinmu, a kogi ko dam ya koya, Atilantika kuwa wani abu ne daban. Ruwanta a wannan gaɓa sanyi gare shi ko da bazara, Sawira kuma gari ne na iska mai ƙarfi. Akwai igiyar ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi, ruwa na iya kai wa mutum ƙugu kawai ta ɗauke masa ƙafa. In ta ja ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman tudu kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare. Bi gefe, tsawon gaɓa, har ka fita daga bakinta, ka ɗaga hannu a gan ka. A shiga ruwa inda akwai masu ceto kawai. In an kafa jar tuta ko baƙa, ranar ta kallo ce. Yaro kada ya wuce inda hannun babba zai kai gare shi, kuma a faɗi sunan wanda ke tsaronsa, don in aka ce kowa na kallo, to babu mai kallo. Doguwar riga in ta sha ruwa nauyi take yi tana naɗe ƙafa, Hajiya ta tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Kada a hau da mota kan rairayi, ruwan yana janyewa ya dawo sau biyu a yini da dare.

Batun sutura kada ya hana kowa zuwa. Iyalan Maroko da yawa suna zama bakin ruwa da shigarsu ta mutunci, da butar shayi da tabarma. Da sassafe wurin ya fi natsuwa. A tashar masunta kuma za ka zaɓi kifi ɗanye a gasa maka nan take, a tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta.

Mai ƙananan yara, ga inda zan tura shi. In ka biyo gaɓa arewa, ka wuce Safi, garin maginan tukwane da masana'antun kifin gwangwani, irin sadin ɗin nan na Maroko da ke cike da kantunanmu, za ka iso Walidiyya. Can duwatsu da tudun rairayi sun tare teku, ruwa ya shigo ya kwanta kamar tafki, yara na iya wasa hankalin uwa a kwance. A nan ya kamata a kashe kwanakin da aka yi tattali a hanya. Gaba kuma Jadida ce, da ganuwar da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1514 suka bari a 1769, rabin yini ya isa.

Daga Jadida zuwa Kasablanka kimanin kilomita 100 ne. Yanzu hannu ya saba, sai a shiga gari a yi salla a Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka gama a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan ruwa yake. Ka kwana a garin daren ƙarshe, kada ka taso daga nesa ranar jirgi. Cika tanki yadda aka ba ka, mai da mota da sauran lokaci, a duba ta a gabanka, ka karɓi takardar da ta nuna ba a bin ka komai, ka adana ta har kuɗin ajiyarka su dawo.

Jama'a, agogo ya cim mana. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.